Gari, kuku da dawa: Hausa da Swahili 'yan uwa ne?

Tambaya: Malam, na je Darussalam a Tanzaniya sayayya, na ga an rubuta "kuku" a ƙofar gidan abinci, "dawa" kuma a jikin kantin magani. Mota ma "gari" suke ce mata. Shin Hausa da Swahili tushensu ɗaya ne?

Amsa: A'a, malam, ba su haɗa kaka ba. Hausa tana cikin harsunan Cadi, 'yar uwar Bole da Ngas da Bade ce, Swahili kuwa harshen Bantu ne, danginsa su Zulu da Lingala. Abin da ka gani gamo da katar ne, kowace kalma da hanyar da ta biyo.

"Kukun" Bahaushe, mai dafa wa Bature abinci, aro ne daga Turanci tun zamanin mulkin mallaka. Na Swahili kaza ce, kalmarsu ta gado. "Dawa" tasu daga Larabci ta fito, inda take nufin magani, tamu kuwa hatsi ce da muke nomawa tun kaka da kakanni. "Gari" mai taya huɗu kuma Indiyawa suka kai shi gabar Tekun Indiya ta hanyar fatauci.

Akwai kuma laifin rubutun boko. Ba ma sa alamar karin sauti ko tsayin wasali, shi ya sa ido yake ganin kamar da kunne ba ya ji. A Hausa kanta ai garin Kano da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma ko yaro ba ya rikita su a baki. Dawar gona da dawan da mafarauta ke shiga haka suke. To ina ga an ƙetara zuwa wani harshe? Gaɓoɓi irin su ga, ri, ku, da, wa harsuna da yawa suna da su, dole wata rana a yi karo. Mutanen Sifaniya "rana" suke ce wa kwaɗo, a Indonesiya "mata" ido ne.

In kana neman inda muka haɗu da su da gaske, duba duniya da dunia, hamsin da hamsini, Alhamis da Alhamisi. Wannan ma ba jini ba ne, gidan Larabawa muka je aro tare. Masana ba sa yanke hukuncin dangantaka da kalma biyu ko uku. Sai sun ga sautuka suna musanya bisa ƙa'ida a kalmomin asali masu yawa, kamar sassan jiki da ƙirge da wakilan suna.