Kada Ka Taɓa Saitin Mak 4 Tukuna

Ɗana, jiya da muke dawowa daga fagen harbi ka ce mini tsohuwar bindiga Mak 4 da aka ba ka ta ƙi jin magana. Ka auna baƙin tsakiya daga yadi 100, harsasai suna faɗawa sama, wasu kuma sun watsu kamar an yafa gero, har kake tambaya ko ka buga tsinken saitin gaba ka gyara. Hayaniyar danfo a hanyar Agege ba ta bar ni na amsa maka ba. To ga amsar: ajiye guduma tukuna.

Maganar faɗawa sama mai sauƙi ce. Wannan bindiga, Lee-Enfield lamba 4, sojan Ingila sun fara riƙe ta a 1941, kuma danginta ne kakanninmu suka saɓa a yaƙin Bama. Don fagen fama aka ƙera ta. Babban idon nan na baya da kake leƙawa in saitin yana kwance, a yadi 300 aka daidaita shi, dole ya kai maka harsashi sama a yadi 100. Tayar da tsanin saitin bayan, ka sauko da ƙaramin idon zuwa 200, nan ne ƙarshensa ta ƙasa, ta sama kuwa 1300. Sannan ka ɗora tsinken a gindin baƙin.

Watsuwar ita ce abin dubawa. Ka kwanta rub da ciki, ka harba biyar ba tare da ka sauya wurin da kake aunawa ba, sannan mu taka mu ga allon. In sun taru wuri guda, ko da a can gefe ne, bindiga lafiyarta lau, saiti ne kawai. In sun watsu, ko ka kwana kana buga tsinke ba abin da zai tara su.

Da kai zan fara, kada ka ji haushi. Na ga kana runtse ido kafin ta tashi. Nauyinta ya kai kilo huɗu, gindinta da ƙarfe, kuma tana naushi, shi ya sa kafaɗarka ke riga ta motsi. Danna ta sosai cikin kafaɗa, kunci a wuri guda kullum. Kunamarta hawa biyu ce: za ka ja ta zo da sauƙi har ta tsaya, a nan ka saki rabin numfashi, ka matsa sannu sannu har ta tashi da kanta. Mai fizgar kunama gefe yake zubar da harsashi.

Sai katako, kuma nan ne Legas ke cutar mu. Bututun yana kwance ne cikin katako, yana ɗan danna shi a can kusa da baki, kuma da wannan ɗan dannawar bindigar ta saba. Da damina katakon ya sha laima ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi, sai babban notin da ke gaban kunama ya saki. Ina saurayi na taɓa ɓata yini guda ina tura tsinke hagu da dama, gumi har cikin ido, harsashi talatin sun tafi a banza. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba. Karɓar ta ya yi, ya sa sukundireba a notin nan, ya juya shi rabin zagaye, ya miƙo mini. Biyar ɗin da suka biyo baya tafin hannuna ya rufe su. Tun ran nan ba na sa hannu a bindiga ta fita sai na taɓa wannan noti.

Harsashin kuma ya girme ka. Tsohon .303, wato harsashin wannan bindiga, yakan yi nawa: ka ji ƙyas, shiru, can sai ya tashi. In haka ta faru kada ka buɗe sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya, kada ka ɗago kai ka waiwayo ni. Bar bakinta a kan allo, ka ƙirga daƙiƙa 30. Gindin harsashin yana da leɓe, saboda haka in kana lodin harsashi goman da take ɗauka, leɓen na sama ya zauna gaban na ƙasa, in ba haka ba za ta sarƙe. Ka riƙa tsince kwanso kana dubawa. In ka ga zobe mai haske kusa da gindi, kawo mini mu sa ma'auni, don kan sakatar yana da lamba daga 0 zuwa 3, wataƙila mai tsawo take so.

Bayan duk wannan ne ake zuwa tsinke. In taron ya faɗi hagu, hagu za ka tura shi, kaɗan kaɗan. In har yanzu sama yake, a sa mafi tsawo.

Abokinka na Idi-Araba da ke son ya zo ya gwada, ka ba shi haƙuri. Dokar makamai ta 1959 ta sa .303 cikin bindigogin da aka hana farar hula, kuma sunanka ne a littafin ɗakin makamai.

Ba ka ce mini ka wanke ta jiya ba. Tsohon harsashi yana barin gishiri a bututu, mai ba ya narkar da shi, iskar teku kuma kwana ɗaya ya ishe ta fara tsatsa. Gobe da asuba ka ɗora ruwa ya tafasa, ka cire sakata, ka ɗura ta baya har ƙarfen ya yi zafi ya bushe da kansa. Sai tsumma, sai mai. Zan zo in leƙa ta a hasken taga kafin fareti.