Lambobin Larabawa ne, ko na Indiyawa?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa 1, 2, 3 lambobin Larabawa ne, amma a littattafan Larabci ١ ٢ ٣ nake gani. To wanne ne na Larabawan?

Amsa: Duka biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a Indiya aka binne cibiyarsu. Kakanninsu su ne alamomin Birahmi, wani tsohon rubutun Indiya, da aka sassaƙa a jikin duwatsu tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai ba siffarsu ce abin yabo ba. Hikimar da Indiyawa suka zo da ita daga baya ita ce gurbi: alama tara da sifiri, kowace darajarta ta dogara ga inda ta zauna. Bakwai ɗin da ke cikin 70 ba ita ce ta cikin 700 ba. Gwada ninka XLVIII sau XXVII da lambobin Rumawa, sannan ka ninka 48 sau 27, ka ga wanda zai fara kai ka 1296.

Wajen shekarar 825 masanin lissafi Al-Khawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza a kan lissafin Indiyawa, kuma Larabawa da bakinsu "arƙam hindiyya" suke ce wa lambobin, wato lambobin Indiya. Daga nan rubutun ya rabu gida biyu. Mutanen gabas, su Masar da Sham da Iraƙi, suka riƙe ١ ٢ ٣. Magrib (yammacin Arewacin Afirka) da Andalus (Sifen ta zamanin Musulmi) kuwa suka yi nasu salon mai suna "gubar", wato ƙura, domin a kan allon da aka barbaɗa wa ƙura ake lissafin, ana yi ana sharewa. Wannan na yamman ne ya tsallaka Turai. Ya bayyana a wani kundi da aka rubuta a Sifen a 976, daga 1 zuwa 9, babu sifiri. Sai Fibonacci, ɗan Italiya da ya koyi lissafi a garin Bijaya na Aljeriya, ya yaɗa shi da littafinsa na 1202. Turawa a hannun Larabawa suka karɓa, shi ya sa suka laƙaba musu sunan. Ba kowa ya yi maraba ba: a 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Fulorens na Italiya ta hana rubuta lambobin a littattafan ajiyar kuɗi. Ai ɗigon alƙalami ɗaya kan mai da 0 ta zama 6 ko 9.

Idan za ka karanta na gabas, kula da tarko uku: ٥ biyar ce ba sifiri ba, ٦ shida ce ba bakwai ba, sifirinsu kuwa ɗigo ne kawai, ٠. Kuma ko da yake Larabci daga dama ake fara shi, babban gurbi a hagu yake zama. ٢٥ ashirin da biyar ne.

Tambaya: Ina kalmar sifiri ta samo asali?

Amsa: Daga "sifr" na Larabci, wato wofi, wanda shi ma fassarar "shunya" ce ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Fibonacci ya rubuta ta "zephirum", ta gajarce a bakin Italiyawa ta koma "zero". Brahmagupta, masanin lissafi ɗan Indiya, shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin sifiri a 628: ka haɗa ta da lamba, lambar na nan, ka ninka, komai ya zama sifiri. A rabawa ne ya yi tuntuɓe, ya ce sifiri a raba da sifiri sifiri ne, abin da masana lissafi ba su yarda da shi ba yau. A wani wurin ibada a garin Gwaliyo na Indiya, cikin rubutun shekarar 876, ana ganin zagayen nata sarai a lambar 270.

Tambaya: Da gaske ne an zana kowace lamba da yawan kusurwoyinta, 1 kusurwa ɗaya, 2 biyu, har 9?

Amsa: Shaci-faɗi ne. Babu tsohon rubutun da ya nuna haka, kuma sai an ƙara wa 7 da 9 ƙugiyoyin dole kafin lissafin ya fita. Abin da aka fi yarda da shi: 2 da 3 layuka biyu da uku ne a kwance, saurin hannu ya haɗe su.