Ga mai tambaya kan hasken waya da rashin barci

Ɗan'uwa, ka ce a gajiye kake kwanciya amma barci ba ya ɗaukarka sai wajen ƙarfe biyu, kana tambaya ko latsa waya a gado ne sanadi. Da hannunta a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Na daɗe ina aikin dare, bayan na bari ma sai da na sha fama kafin barcina ya daidaita.

A ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai ɗan wurin da ke riƙe da agogon jiki. Ba ruwansa da agogon bango, da haske yake aiki. Wasu ƙwayoyi a cikin ido ke kai masa labarin ko gari ya waye, kuma shuɗin haske ya fi tayar da su, irin wanda ke cikin farin ƙwan LED da fuskar waya. Da duhu ya yi, jiki kan saki melatonin, sinadarin da ke shaida wa gaɓoɓi cewa dare ya yi. Ka zauna ƙarƙashin farin ƙwai har sha ɗaya, sai sakin ya jinkirta, barci ma ya bi sahu. Ga shi kuma agogon yawancinmu ya ɗan haura awa 24, dama neman dalilin makara yake yi. Binciken wannan agogo ne, a jikin ƙananan ƙudaje, ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017.

Kuskurena shi ne na mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa na zaci na gama, alhali fitilar ɗakin na ci kamar rana. Abin da ya fi yi mini magani kuwa safiya ce. Hasken dare tura agogon yake yi gaba, na safe ya janyo shi baya. A waje da rana haske kan wuce lux 10,000 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), na ɗaki kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sai na riƙa tashi a lokaci guda kullum, ko da na makara wajen kwanciya, in fita waje kamar rabin awa. Da dare in bar ƙaramar fitila mai jan haske kaɗai, waya kuma a nesa da gado. Kwanakin farko na sha wuya ƙwarai, kada hakan ya sa ka sare. In makonni suka shuɗe babu sauyi, ka ga likita, don rashin barci na da wasu dalilan.