Muna son yin fim a kan masu ƙwacen waya a Kano, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu ɗalibai ne mu bakwai, an ba mu aikin gajeren fim na ƙarshen zango. Mun tsara labari a kan gungun masu ƙwacen waya a birnin Kano da ɗan sandan da ke farautarsu. Akwai tseren mota da harbe-harbe, a ƙarshe kuma fashi a banki. Abin da ke hannunmu kamara ɗaya ce ta aro, da wayoyinmu, da mako shida. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙannena. Na ji daɗin batun da kuka zaɓa, don ƙwacen waya abu ne da ya addabi mutanen Kano, kowa yana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka zare wa wuƙa. Amma ku fara da cire bankin da tseren motar da bindigogin. Kamara ɗaya ba za ta ɗauki tsere ya yi kyau ba, kuma ba su ne ke kama zuciyar mai kallo ba. Abin da ke hana mutum ƙifta ido a irin wannan fim shi ne ya san wani abu da wani a cikin labarin bai sani ba, ya zauna yana jiran lokacin da asiri zai tonu.

Ga misali. Mai gyaran waya yana ɗan shagonsa bayan isha'i, wani yaro ya kawo masa waya a cire mata makulli. Yana kunna ta sai ya ga hoton ƙanwarsa a fuskar wayar, ita kuma tun la'asar ba ta koma gida ba. Yaron na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya cikin aljihu, abokansa biyu suna jira a adaidaita sahu. Me mai gyaran zai yi cikin minti goma da ya ce aikin zai ɗauka? Shago ɗaya ke nan, mutum uku ko huɗu, dare ɗaya. Idan kuka riƙe kamara a kan yatsunsa suna rawa wajen kwance noti, kuka bar mu muna jin ƙarar fanka da numfashinsa, kun fi wanda ya ƙona mota tasiri.

Ku rubuta labarin daidai da abin da kuke da shi: shagon wa za a ara muku, wa ke da adaidaita, wane soro ne babu kowa da safe. A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo, don haka shafi 10 zuwa 12 ya wadatar. Ku kuma kula da gaskiyar gari. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, saboda haka in jaruminku ya tare ɗan acaɓa a tsakiyar birni, Bakano zai gane ba ku yi bincike ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Duk fitowar da za a ƙwace waya ko a zare makami a titi tana iya jawo asarar rai. Mai wucewa bai san fim kuke yi ba. Yana ganin yaro ya fizge waya ya ruga, wani ya yi ihun "ɓarawo", kafin ku buɗe baki jama'a sun rufar wa abokinku da duwatsu da sanduna. Don haka ku karɓi takarda daga sashenku, ku kai wa mai unguwa da DPO na yankin, ku sanar da 'yan sintirin unguwar ranar da lokacin. A ranar ɗauka ku tsayar da mutum biyu a bakin layin ta kowane ɓangare, aikinsu kawai shaida wa jama'a. Wuƙa ta zama ta roba ko ta katako da aka fenta, tana cikin jaka sai an ce a fara. Kakin 'yan sanda kuwa ku bar shi, sanya shi ba da izini ba laifi ne a doka. Ku mayar da jami'in naku ɗan sandan ciki mai riga da wando. Kada kuma ku ambaci sunan wata unguwa ko kasuwa ta gaske a matsayin matattarar ɓarayi, mutanen wurin ba za su yafe muku ba. In kuna da niyyar sakin fim ɗin ga jama'a bayan malaminku ya ba da maki, ku bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001.

Kuɗin da kuka haɗa, sauti ya fara ci. Mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure maganar da janareta ya cinye ba. Ku sayi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a riga, ku jona shi da waya a aljihun ɗan wasa, ku tafa hannu sau ɗaya gaban kamara a farkon kowace ɗauka don edita ya daidaita murya da hoto. Ku je lokeshin a daidai lokacin da za ku yi aiki, ku tsaya shiru ku saurara: akwai injin markaɗe a kusa? Yaushe ake kiran salla? Hasken dare kuma fitila mai caji ɗaya daga gefe ta isa, a bar rabin fuska cikin inuwa.

Mako shidan ku raba shi haka: biyu na rubutu da neman izini, ɗaya na gwaji da waya a ainihin wurin, kwana uku na ɗauka, sauran duk na tacewa, wato aikin edita na haɗa hoto da sauti, don nan ne ɗalibai suka fi makara. DaVinci Resolve, manhajar da ake wannan aiki da ita, yana da na kyauta, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, ku gwada shi tun yanzu. Mutum ɗaya a cikinku ya riƙe kwantiniti, wato lura da kada kaya ko wuri su canja tsakanin ɗauka da ɗauka, ya ɗauki hoton kaya da wurin da aka ajiye komai bayan kowace fitowa, kuma kowane dare a kwafi abin da aka ɗauka a wuri biyu kafin a goge katin kamara.