Kawuna ya ce in ba ɗan abokinsa takarduna, ni kuma kwanakina na ƙarewa

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Birtaniya ta rubuto cewa an soke lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyinta, kuma ma'aikatar cikin gida ta aiko mata da wasiƙar da ta ba ta kwana 60 ta sami wani kamfanin da zai ɗauki nauyin bizarta ko ta bar ƙasar. Kawunta da ke gida ya haɗa ta da ɗan abokinsa, wanda ya ce ta kawo fam 6,000 da lambobin sirrin shafinta na biza, shi zai samo mata sabuwar takardar ɗaukar nauyi. Ita kuma ta gana da wani mai ba da shawara kan biza mai rajista, amma ya ƙi yi mata alkawarin nasara, kuma yanzu dangi na cewa ta raina manya.

Ƙanwata, abin da ya sa zuciyarki ta yi sanyi da mai rajistar nan shi ne abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali. Ba shi ne ke ba da biza ba, don haka ba zai iya rantse miki a kan hukuncin da ba a hannunsa yake ba. Duk wanda ya ce miki "ki ɗauka an gama" tun bai ga wasiƙar da aka aiko miki ba, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa yana shirin shigar da ƙarya da sunanki.

A Birtaniya, dokar shige da fice ta 1999 ta haramta wa mutum sana'ar ba da shawara kan biza in ba shi da izini, kuma hukuncin zai iya kai ɗaurin shekara 2. Izinin yana fitowa ne daga hukumar Immigration Advice Authority, wadda kafin Janairun 2025 aka sani da OISC, ko kuma mutum ya zama cikakken lauya a ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan lauyoyi. Dukansu suna da rajista a intanet da kowa zai iya dubawa kyauta. Ki nemi lambar rajistar ɗan abokin kawun naki, ki duba da idonki. Shi ma wanda kika gana da shi ki duba shi, ki kuma tambayi matakinsa, domin matakai uku ne: na farko don lamura masu sauƙi, na biyu don masu sarƙaƙiya, na uku don ɗaukaka ƙara a kotu. Kafin ki biya shi ko sisi, ya ba ki takarda a rubuce mai bayyana aikin da zai yi, da kuɗinsa, da inda za ki kai kuka idan ya saɓa.

Batun fam 6,000 ɗin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Takardar ɗaukar nauyi ba haja ba ce da ake saya a hannun dillali. Kamfani mai lasisi ne ke ba da ita ga wanda zai yi masa aiki na gaske. Na ga mata da dama da suka biya irin wannan kuɗi, aka ba su takardar kamfanin da ba shi da aikin ba su, bayan 'yan watanni shi ma aka soke lasisinsa, suka koma gidan jiya da bashi a wuya. Gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi fiye da 470 a wannan fanni, don haka idonta na kai. Mafi muni shi ne wadda dillali ya cike mata fom da bayanan da ba ta taɓa gani ba, domin ta miƙa masa lambobin sirrinta. Ranar da asiri ya tonu, sunanta ne a kan takardar, ita aka hana biza, shi kuwa ya sauya lambar waya. Laifin yaudara zai iya jawo wa mutum haramcin shiga ƙasar har shekara 10.

Game da kawunki, ina girmama shi, kuma na yarda alheri yake nufi, amma a wannan magana ina tare da ke. Yana can gida bai karanta wasiƙar ba, kuma abin da ya sani game da yaron shi ne mutuncin mahaifinsa, wanda ba zai tsaya miki a gaban jami'in biza ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa yarinyar da ke ɗauke da hidimar gida nauyin faranta ran aboki da takardun zamanta, sannan a kira taka-tsantsan ɗinta raini. Idan aka dawo da ke, waɗanda ke matsa miki yau su ne za su fara rasa abin da kike aikowa. Ki kira shi da ladabi, ki ce: "Kawu, dokar nan ta hana kowa yin wannan aiki sai mai rajista; in yana da lamba ya turo, in gani." Wannan ya ishe ki, ba sai kin zargi kowa ba. Idan da hali, ki fara fahimtar da mahaifiyarki ko wani babba da kawun ke jin maganarsa.

Kwanakin nan 60 suna tafiya ko dangi sun huce ko ba su huce ba. Ki duba ranar ƙarshe da ke jikin wasiƙar, ki koma wurin mai rajistar a wannan mako, ki kuma tambaye shi game da cibiyoyin yankuna da ke taimaka wa ma'aikatan kula da tsofaffi a Ingila su sami sabon kamfani ba tare da biyan kuɗi ba. Matuƙar kin shigar da ingantacciyar buƙata kafin ranar ta cika, izinin zamanki zai ci gaba har a yanke hukunci. Idan kuwa kin riga kin tura wa yaron wata lambar sirri, ki sauya ta yau.