Dalilin da ya sa tsohuwar fulsa ke ƙara gudu

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda fulsa gawar tauraro ce mai juyawa tana aiko mana da bugun saƙon rediyo a kowane juyi, kuma juyinta raguwa yake da tsufa, ta yaya ake samun tsohuwa tana juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kuma me ya kawo ɗan ƙaramin tauraron nan da ake kira farin wada gefenta. Ni ma wannan ya ɗaure mini kai lokacin da nake digiri na biyu, har sai da na zauna watanni a kan bayanan wata fulsa mai suna PSR J0437-4715.

Ka tuna katantanwa. In ka murza ta ka ƙyale, a hankali za ta lafa. Haka fulsa take in ita kaɗai ce. Amma idan akwai tauraro kusa da ita, yana tsufa sai ya kumbura, ƙarfin janta ya riƙa zuƙe iskarsa. Iskar nan kewayawa take kafin ta sauka, don haka kowace sauka tamkar ƙarin murzawa ce, ana yi shekaru miliyoyi. Idan tauraron ya gama zubar da jikinsa, ƙwayar cikinsa ce ke saura, ita ce farin wada. Tun 1982 aka kawo wannan bayani, a 1998 kuma aka kama wata fulsa mai suna SAX J1808.4-3658 tana cikin zuƙar, tana juyi sau 401 a daƙiƙa.

Ita J0437 an gano ta a 1993 da na'urar hangen sararin samaniya ta Parkes da ke Ostareliya. Tana juyi kusan sau 174 a daƙiƙa, tana kewaya farin wadan da ke gefenta cikin kwana 5.7. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da na jera lokutan isowar bugunta, sai ga shi yana riga yana makara bi da bi, daidai da kewayen. Wallahi na daɗe ina kallon zanen nan, abu mai nisan da haske ke tafiyar kusan shekara 510 kafin ya iso amma ga tafiyarsa a gabana.

Kada ka raina wadan. Idan saƙon fulsa ya gifta ta kusa da shi, nauyinsa kan jinkirta shi kaɗan, kuma da wannan jinkirin ake auna nauyinsu. Da haka aka gano da na'urar hangen Green Bank ta Amurka cewa wata fulsa mai suna J0740+6620 ta ninka rana nauyi sau biyu da ɗoriya, alhali faɗinta bai kai kilomita 30 ba.