Tambaya da Amsa: Ina Ruwanmu da Mashigin Hormuz?

TAMBAYA: Malam, ni direban tanka ne, ina ɗauko mai daga Legas zuwa Gusau. Duk sanda rediyo ta ce Iran ta yi barazanar rufe Mashigin Hormuz, sai in ji ana cewa a depo kuɗin mai zai tashi. Mu da muke haƙo namu a Neja-Delta, me ya haɗa mu da wani ruwa can ƙasar Larabawa?
Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Kai da ka saba tsallake gadar Jebba ba za ka sha wuyar gane wannan magana ba. Ka san yadda tirela guda in ta faɗi a bakin gadar, sai motoci su kwana a jere. To Hormuz haka take, sai dai ita a kan teku.

Ruwa ne tsakanin Iran daga arewa da Oman daga kudu, kuma inda ya fi tsukewa bai kai kilomita 40 ba. Ko a cikin wannan ma, manyan jiragen dakon mai layi biyu kawai suke bi, na shiga da na fita, kowanne faɗinsa kamar kilomita 3. Ta wannan 'yar ƙofa, a shekarar 2024, ganga kusan miliyan 20 ke fita kullum, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha. Man Saudiyya, Iraƙi, Kuwait, Daular Larabawa da na ita Iran ɗin, ga kuma iskar gas ɗin Ƙatar. Mafi yawansa China da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu yake nufa.

Abin da ya fi damuna da wurin nan shi ne rashin hanyar ratse. Saudiyya ta shimfiɗa bututu ya ratsa hamada har Yanbu a bakin Bahar Maliya, Daular Larabawa ma ta ja nata zuwa Fujaira, bayan mashigin. Amma ko an haɗa su biyun ba za su ɗauke duk abin da jiragen ke ɗauka ba. Kuwait da Ƙatar da Bahrain kuwa ba su da wata ƙofar fita ta teku sai wannan.

Kuma ba sai an rufe ba kafin a ji a jika. A yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1984 zuwa 1988, kowane ɓangare ya riƙa harbin jiragen mai, har a 1987 Amurka ta kafa tutarta a kan jiragen Kuwait tana yi musu rakiya. A Yulin 2019 Iran ta kama jirgin Stena Impero mai tutar Birtaniya. Da an ji irin wannan labari, kamfanonin inshora su ƙara kuɗi, masu jirage su fara ja da baya, 'yan kasuwa su ruga sayen mai don gudun gobe. Tsoro kaɗai ya isa ya ɗaga farashin ganga. Ni dai nakan tuna ma'aikatan jiragen nan, talakawa 'yan neman abinci irinka, su ne a bakin wuta.

Sai mu dawo gida. Ɗanyen mai kasuwarsa ɗaya ce a duniya, da dala ake cinikinsa. In na Larabawa ya yi wuyar samu, masu saye za su juyo kan namu, shi ma ya yi tsada. Matatar Ɗangote da ke Lekki ita ma da farashin duniya take sayen ɗanyen man da take tacewa. A da tallafi ne ke tare mana wannan zafi, amma tun da aka janye shi a watan Mayun 2023, abin da ya faru a Hormuz kan iso gidan man Gusau cikin 'yan makonni. Gwamnati ta samu ƙarin dala, kai kuma ka ƙara kuɗin gas a tankinka, mai kayan gwari ya ƙara a kan kwandon tumatir.